Alkyabba Ɗaya, Tagwaye Biyu

An ce wani sarki Allah ya ba shi tagwaye maza, Hasan da Usaini, kama kamar an tsaga kara. Suna tasowa sai ciwo ya kama Usaini ya shanye masa ƙafafu, Hasan kuwa ya zama ƙaƙƙarfan saurayi. Kowa dai ya san tagwaye ba a yi wa ɗaya abu a bar ɗaya, ko da hula ce. Amma sarki ya ji tsoron rigimar gado a bayansa, ya sa aka ɗinka alkyabba guda aka kai wa Hasan, ya ce gobe a kai Usaini ƙauyen kakanninsa ya zauna can. Ba don ba ya son yaron ba, wallahi yana sonsa har cikin ransa.

Da aka idar da magariba zuciyarsa ta ƙi kwanciya, ya aika aka kira Malam Ukashatu, wani tsoho masanin taurari. Sarki ya nuna masa taurari biyu na burjin Jauza'u, waɗanda ake kira Tagwaye, ya tambaye shi wanne ya fi haske. Malam ya nuna ɗaya. Sarki ya ce, "To ka gani, ko a sama an fifita wani."

Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Ya sarki, ka san abin da ya sa ya fi haske?"

Ya ba shi labari cewa mutanen Yunan na dā, wato Girkawa, suna da tatsuniya a kansu, gaskiyar taurari kuwa sai Wanda ya halicce su. Wai 'yan biyu ne, ɗaya ba ya mutuwa, ɗaya yana mutuwa. Aka kashe mai mutuwar a wurin faɗa. Ɗan'uwan ya yi ta kuka, ya ƙi ci ya ƙi sha, ya roƙi a raba ransa biyu a ba mamacin rabi. Aka yarda, suka riƙa yin kwana ɗaya a ƙasa, kwana ɗaya a sama, tare. Mai hasken nan shi ne wanda ya bayar.

Sarki ya ce, "Ashe da bai raba ba da haskensa ya ninka haka."

Malam ya ce, "Ya sarki, da bai raba ba da tauraro ne cikin dubu, ba wanda zai san sunansa. Ka taɓa jin an kira mutum ɗaya tagwaye?"

 Sarki ya tashi ya shiga cikin gida shi kaɗai, ya leƙa ɗakin yaran. Ya tarar Hasan ya warware alkyabbar ya lulluɓe su da ita su biyu, yana matsa wa ɗan'uwansa ƙafa. A bakin ƙofa kuwa ƙunshin kaya biyu ne a ɗaure, ba ɗaya ba.

Sarki ya durƙusa yana hawaye, ya kwance ƙunshin da hannunsa, ya ce ba inda za a je. Da safe ya sa aka ɗinka alkyabba ta biyu, ya ce wa fadawansa, "Sarkin da ya kasa adalci tsakanin 'ya'ya biyu, kada gari ya sa rai da shi."