Indararon Shagon Malam Sabo

Akwai wani dattijo a Minjibir ana kiransa Malam Sabo, mai sayar da gero da dawa a bakin kasuwa. Shagonsa da na wani matashi Kamilu, mai sayar da takin zamani, gini ɗaya ne da rufin kwano ɗaya, bango ne kawai ya raba su.

A gaban rufin akwai dogon indararo na kwano da ke tara ruwan sama. Daga saman shagon Malam Sabo ya faro, ya bi ta saman na Kamilu, bakinsa kuma a can ƙarshen wajen Kamilu yake zubarwa.

Duk shekara kafin ruwan farko, Malam Sabo ne ke hawa. Ya kwashe ganyen darbejiya da ledoji da suka toshe indararon, ya buga ƙusoshin da iska ta sassauta, ya shafa kwalta inda tsatsa ta ci. Daga wannan ƙarshe zuwa wancan yake yi, bai taɓa ware nasa ba.

Kamilu kuwa ko sannu. Wani lokacin ma sai ya leƙo yana karkaɗe riga, ya ce, "Baba, a yi a hankali, ƙasa na zubo min a kan kaya."

Sai shekarun wahala suka zo. Abinci ya yi tsada, kwano ya gagari talaka, kwalta ma sai an nema. Gwiwoyin Malam Sabo suka fara ciwo, har sallah wani lokacin a zaune yake yi.

Da bazara ta yi nisa, ya samu Kamilu a shago.

"Kamilu, bana jikina ba ya so. Ka hau ka share indararon nan, ni zan kawo kwalta da ƙusa."

Kamilu bai ɗago daga wayarsa ba. "Baba, ni shagona ba ya yoyo. Wanda nasa ke zuba ai shi ke da aiki."

"Ba ya yoyo ne saboda ana gyarawa."

"To wa ya sa ka?"

Malam Sabo ya juya ya koma shagonsa.

A gida ya gaya wa matarsa Hure. Ta ce, "Malam, tun da can ba don shi kake yi ba. Ka ƙara haƙuri."

Ya ce, "Hure, na gaji. Wallahi na gaji."

Washegari ya hau da kyar. Ya share, ya buga, ya shafa kwalta. Da ya iso daidai bangon da ya raba shagunan, sai ya tsaya. Gabansa tarin ganye ne da leda sun cunkushe har bakin indararon. Aikin da ya rage bai kai wanda ya yi ba. Ya daɗe yana kallon wurin, rana na dukan ƙeyarsa, kalmar nan "wa ya sa ka" tana yi masa yawo a kai. Ya tattara kayansa ya sauko.

A makon ne Kamilu ya sauke takin da manoman ƙauyukan kewaye suka daɗe suna jira. Buhuna har kusa da rufi.

Ranar Juma'a, mutane na masallaci, hadari ya haɗo daga gabas. Kafin a sallame, ruwa ya kece kamar ana juye shi. Kowa ya fake, shaguna a kulle.

Ruwan ya taru a indararon, ya nemi hanya ya rasa. Ya cika, ya koma baya ta ƙarƙashin kwano, ya dinga kwarara cikin ginin.

Da aka tsagaita, Malam Sabo ya taho yana ɗingishi. Tun daga nesa ya hango farin ruwa yana fitowa ta ƙasan ƙofar Kamilu yana bin titi. Taki ne ya narke.

Kamilu ya iso ya buɗe ƙofa. Buhunan sama sun saɓule, na ƙasa sun zama kunu.

Malam Sabo ya yi zaton in wannan rana ta zo zai ji sanyi a ransa. Bai ji ba. Ya buɗe nasa shagon. Ruwan bai tsaya a kan iyakar da ya tsaya ba. Ya biyo bango ya jiƙa geronsa, ga ruwan taki ya ratso ta ƙasa ya shiga dawar. Ya zauna a kan buhu, ya dafe kai.

Wata tsohuwa, Asama'u, da ta yi tattaki daga ƙauye don karɓar takin 'yar gonarta, ta tsaya a bakin ƙofa da ƙaramin buhunta a hannu. Ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta ce, "To ni yanzu me zan zuba wa masarata?"



Da rana ta fito washegari, Malam Sabo na jan buhun gero zai shanya, sai ya ji buhun ya yi sauƙi. Kamilu ne ya kama ɗaya gefen. Hannuwansa duk taki ya cinye su. Suka yi ta fitar da buhuna har suka gama.

Sannan Kamilu ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, ka yafe min. Nuna min yadda ake yi, ni zan hau."

Malam Sabo ya ce, "Ni ma na yi kuskure. Na ga wurin da idona, na bar shi."

An gyara rufin. Amma rabin geron ya tsiro a cikin buhu, masarar Asama'u da ta maƙwabtanta kuwa haka ta ƙare damina, gajera, ganye rawaya.

Darasi: Kada ka raina wanda ke ɗauke maka wahala a ɓoye, domin ba za ka san nauyinta ba sai ranar da ya ajiye. Kai kuma mai alheri, kada rashin godiyar mutum ta sa ka bar gyaran da ka san rashinsa zai cutar da kowa, har da kai, har da waɗanda ba ruwansu. Ku tura wa maƙwabta da 'yan uwa su karanta, kuma ku duba rufinku tun ruwa bai sauka ba.