Maɓallin da aka ɓoye a ƙarƙashin kwamfuta

Akwai wani injiniya a birnin Manaus mai suna Rômulo Bentes, wanda aikinsa zana kwamfutar tebur a wata masana'anta. Burinsa ɗaya ne: ya ƙanƙantar da ita har ta zauna a tafin hannu. Ya kuwa yi. Ya cire fanka, ya rage ramukan jona waya. Da ya rasa inda zai sa maɓallin kunnawa, sai ya mayar da shi ƙarƙashinta.

Abokan aikinsa suka yi ƙorafi. Ya ce, "Wa ke kashe kwamfuta a zamanin nan? Sau ɗaya ake kunna ta, a manta."

A ofishinsa gaskiya ya faɗa, domin can wuta ba ta ƙiftawa.

Aka kai na'urorin wata makaranta a wani gari da ke bakin kogin Solimões. Mai koyar da kwamfuta a wurin ita ce Dona Zuleide, wadda ta kusa ritaya, kuma ba a taɓa kama ta da sakaci ba. Dokar makarantun yankin ita ce a ɗaure kowace na'ura a jikin tebur da faifan ƙarfe da noti, saboda ɓarayi. Aka ɗaure su kuwa, maɓalli yana manne da katako.

Ku da kuka koyar a garuruwan kogi kun san yadda wutarmu take. Hadari ya haɗu, ta tafi. Ta dawo, na'urori suna kashe. Sai Dona Zuleide ta durƙusa ƙarƙashin tebur da sukundireba, ta kwance noti, ta danna, ta ɗaure, ta rarrafa zuwa na gaba. Kafin ta gama an kaɗa ƙararrawa. Zangon karatu guda yara ba su koyi komai ba.

Ta kira masana'antar, aka haɗa ta da Rômulo. Ta yi masa bayani dalla-dalla. Ya yi dariya.

Ya ce, "Haba Mama, abin nan ba allo da alli ba ne. Ki nemi jikanki ya nuna miki."

Ta ce, "Ɗana, ba nuni nake nema ba. Yatsa ba ya ratsa katako."

Ya kashe wayar. Da ofishin ilimi ya tambaye shi me ya sa yara ba sa amfani da na'urorin, bai ambaci maɓalli ba. Cewa ya yi malamar ta tsufa, kanta ba ya ɗaukar sabon abu. Ba wanda ya zo ya duba. Aka karɓe ajinta, aka mayar da ita kula da layin abincin yara. A kasuwar kifi iyaye suna nuna ta da baki: ga wadda ta ɓata wa 'ya'yanmu zango. Wannan zalunci ne, ba shi da wani suna.

Dona Zuleide ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da zuba wa yara shinkafa da wake, tana jira.

Bayan damina masana'antar ta shirya baje kolin na'urar a makarantar, ta gayyato magadan gari na yankin don su ma su saya. Rômulo ya sauko daga jirgin ruwa cikin farin wando. Yaran aikinsa sun riga sun kunna komai tun safe, sun ɗaure. Jami'in ilimi ma ya zo, iyaye suka cika tagogi.

Yana cikin cewa, "Ku dubi ƙanƙantarta, ko sabulu ya fi ta cin wuri," sai ɗakin ya yi ɗif. Fuskokin na'urori suka yi baƙi. Can fitilu suka dawo, na'urori ba su dawo ba.

Dona Zuleide ta shigo da ludayinta a hannu ɗaya, sukundireba a ɗayan.

Ta ce, "Kada a zagi masu wuta. Ni na sauke babban makunni, ni na mayar. Abin da hadari ke mana kullum ne na yi. Injiniya, ga wuta ta dawo. Kunna mana."

Ya laluba gefen na'urar, ya laluba bayanta. Ya juya zai kira yaransa.

Ta ce, "A'a. Ni ba ni da yara lokacin da nake yi. Ungo."

Wata magajiyar gari mai suna Dona Nazaré ta ce, "Kunna mana, ranka ya daɗe. Ai ka ce ko jinjiri zai iya."

Ya durƙusa. Ya shiga ƙarƙashin tebur, kansa ya bugi ƙarfe, wani daga taga ya ce, "A hankali, kada ƙwaƙwalwar ma ta ƙanƙance!" Aka fashe da dariya. Da ƙyar ya kunna guda, ya fito gwiwoyinsa sun yi baƙi.

Ya matso kusa da ita ya rage murya. "Mama, don Allah ki rufa min asiri."

Ta ce, "Nawa asirin a kasuwar kifi ka bar shi. Saura sauran na'urorin, har na layin baya."

Dona Nazaré ta ɗauki jakarta. Ta ce, "A garina wuta ta fi nan tafiya. Ba ni da malaman da zan mayar masu rarrafe." Sauran suka bi ta zuwa jirgi, ba wanda ya sayi ko guda.

Dona Zuleide ta tsaya a kansa har ya kunna ta ƙarshe. Sannan, a gaban jami'in ilimi da iyaye, ta sa ya faɗa da bakinsa cewa laifin zanensa ne, ba shekarunta ba. Ya faɗa ƙasa-ƙasa. Ta ce na bakin taga ba su ji ba. Ya maimaita.

Washegari ta koma ajinta. Amma jami'in da ya karɓe ajinta ba tare da bincike ba har yau bai ba ta haƙuri ba, kuma mu tsofaffin malamai ba za mu daina tambaya ba.

Darasi: Duk abin da ka rage don aikinka ya yi kyau, wani ne zai durƙusa ya biya. Idan ya yi ƙorafi, ka je ka gani kafin ka kira shi jahili. Ku tura wannan ga duk wanda ya taɓa ɗora kuskurensa a kan malami.