Turare a Kan Ƙarni

Akwai wani direba mai suna Irmiya, shekararsa tara yana tuƙa wata gwauruwa, Mama Lai'atu. Doka ɗaya ta kafa masa, kada ya ɗauki kayan kowa a motarta ba da saninta ba.

Wata Laraba matarsa, wadda take sana'ar suyar kifi, ta roƙe shi ya ɗauko mata daron ɗanyen kifi daga bakin kogi. Ya ce a ransa, tafiyar minti goma ce, wa zai sani? Ya ajiye daron a ƙasan kujerar baya. A hanya motar ta faɗa rami, daron ya tuntsure, ruwan kifin ya zube a kan kafet.

Tsoro ya kama shi ƙwarai, gama da wannan aiki yake ciyar da gidansa. Ya samo sabulu da buroshi, ya dirje kafet ɗin har ya fi na da haske, ya goge kujerun, ya fesa turare kwalba guda. Bai ɗaga kafet ɗin ba, domin sai an kwance kujeru, Mama kuwa za ta tambayi dalili. Ya rufe gilasai ruf, ya bar motar a rana, yana yaba wa kansa dabara.

Ran Lahadi Mama ta buɗe ƙofa za ta tafi sujada, sai ta ja da baya tana toshe hanci.

Ta ce, "Irmiya, me ya mutu a motar nan?"

Ya ce, "Wataƙila ɓera ne, Mama."

Ta ce su tafi wurin wani tsoho mai wankin mota. Tsohon ya shinshina sau ɗaya, ya kwance kujerar baya, ya yaye kafet ɗin. Soson da ke ƙasa ya jiƙe sharkaf, ya yi baƙi, ga tsutsotsi, ga kuma wani ɗan kifi ya maƙale a jikin ƙarfe.

Tsohon ya ce, "Mama, da ran da abin ya zube aka kawo, wanki da shanya sun isa. Yanzu sai dai a yar da soson."

Mama ta dubi direbanta, ta ce, "Kifin zan iya yafewa, ɗana. Turaren ne ya ɓata mini rai." Ta miƙa hannu, ya sa mata makullin motar, aikinsa ya ƙare ke nan.

Ga ma'anar misalin. Motar ita ce zuciyar mutum, ruwan kifin kuwa zunubi ne, ba ya tsayawa a sama. Turaren shi ne kyawawan tufafi da waƙa da gaisuwar da muke rufe laifi da su ran Lahadi. Ubangiji ba saman kafet yake dubawa ba. Wanda ya yi laifi ran Laraba, bari ya furta shi ran Laraba, tun ana iya wankewa.