Harsashin Gada a Gaban Gwanki

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da daji yake farawa daga bayan dangar gidan ƙarshe, ba sai an hau mota an je nemansa ba. Sunan garin ya ɓace mini, kuma ba a yi asara ba, domin da na faɗa da yanzu wani a cikinku ya miƙe ya ce kakansa ne. Sunan mutumin Nomau.

Maharbi ne, amma ba irin wanda ake yi wa kirari ba. Ba ya ɓacewa, bai taɓa rikiɗa ya zama kututture ba, kuma idan maharba suka taru suna ba da labarin yadda suka shaƙe zaki da hannu, shi yana gefe yana ɗinkin takalminsa. Wani bawan Allah ne kawai, da tsohuwar bindigar toka da burgamin fatar akuya.

A cikin burgamin nan akwai 'yan jakunkuna uku. Shi yake narka dalmarsa a kasko, shi yake zuba harsashinsa. Jakar farko ƙanana ne kamar ƙwayar dawa, na zabi da fakara. Ta biyu kamar gurjiya, na gada da barewa. Ta uku ba ta taɓa wuce guda biyu ko uku ba, manya kamar aduwa, na gwanki. Idan aka tambaye shi dalilin wannan wahala, sai ya ce, "Kowace dabba da nata. In ka sa wa gada na gwanki, gashi da ƙashi za ka kwaso. In ka sa wa gwanki na gada, ba ka kashe shi ba, ciwo ka ba shi ya tafi da shi." Iyakar karatunsa ke nan, kuma na san masu digiri uku da ba su kai nan ba.

Ku saurara, domin 'yan zamani ba su san bindigar toka ba. Ta baki ake ɗura mata: albarushi, tsumma, harsashi, a danna da sanda. Abin da ka zuba da safe shi ne abin da kake da shi har yamma. Kuma babban harsashi ba ya tafiya sai da awo biyu na albarushi.

To, a ƙarshen wata damina matarsa Lantana ta haihu, namiji, bayan ta kwana biyu tana naƙuda. Kogi ya cika ya hana fatake ƙetarowa, albarushi ya yanke a garin, abin da ya rage a ƙahon da Nomau yake zuba shi awo ɗaya ne tak. Al'adar garin kuwa, rana ta huɗu da haihuwa miji yake kawo naman kauri, a dafa wa mai jego da yaji ta sha romo ta mayar da jini. Uwar Lantana, Iya Tasalla, ta zo daga ƙauyensu don yi mata wankan jego. Tsakanin suruka da suruki akwai kunya, ba ta yi masa magana kai tsaye. Amma Allah ya hore mata hanyoyi.

Da safiyar rana ta huɗu yana tsugune yana ɗura bindiga, sai ga kazar maƙwabta ta shigo tsakar gida. Iya Tasalla ta dube ta ta ce, "Yi yawonki, 'yar nan, sha kuruminki. Gidan maharbi kika shigo, babu abin da zai same ki."

Nomau ya sunkuyar da kai.

Ta juya ga tukunyar ruwan zafi ta ce, "Ke kuma ki shaida. In rana ta faɗi yau ban ga kauri ba, gobe da sassafe zan ɗauki 'yata da jikana. A yi suna a ƙofar gidanmu, inda maza suke."

Kun san abin da wannan yake nufi. A raɗa wa ɗanka suna a gidan wasu, kai kana zaune a bakin tabarma kamar wanda ya zo cin tuwo. Abin zai bi mutum har kabari, ya bi ɗan ma.

Nomau ya buɗe jaka ta biyu, ya zaɓi guda ɗaya mai santsi, ya jujjuya shi a tafin hannu, ya ɗura. Gada ce ke yawa a dajin kusa, kuma awo ɗaya ba ya ɗaukar abin da ya fi haka. Ya fita. A ƙofar gida taubashinsa Barmo yana jira da wuƙa da igiya. Barmo ba ya harbi, amma bai taɓa makara wajen ɗaukar nama ba.

"Bawana, yau za ka fitar da mu kunya ko in koma in ara maka zane?"

"Ka dai riƙe igiyarka, sarkin cin bulus. Kuma ka rufe bakin nan, gada tana da kunne."

Suka shiga daji. Dajin ƙarshen damina, ku da kuka tashi a cikin kwalta ba ku san shi ba. Gamba ta fi mutum tsawo, raɓa tana zuba a wuya kamar ana yi maka alwala, ƙasa tana ƙamshi, komai kore ne har inuwa. Mutum yana tafiya bai san ko shi ke tafiya ba ko ciyawar ce ke wucewa. Suka ga sawun gada a bakin wani rafi, suka bi, ya ɓace a kan dutse. Suka ga wani, ya shiga sarƙaƙiya. Hantsi ya yi, rana ta take, suka yi azahar a gindin kanya. Ranar nan kamar an yi wa gadar dajin shela.

Da la'asar sakaliya suka gangaro wata fadama. Rana ta kwanta a kan ruwa, ruwan ya zama kamar narkakken tagulla, balbelu suna tsaye a ciki ba sa motsi. Iska ta ɗauke. Sai Barmo ya damƙi hannun Nomau.

Gwanki ne. Namiji, shi kaɗai, girmansa kamar ingarman doki. Ƙahoninsa sun lanƙwasa baya, fuskarsa baƙi da fari kamar an zana masa, dogayen kunnuwansa suna juyawa a hankali. Ya sa baki a ruwa, ruwan ya yi zobe, zoben ya tafi har ƙafafun balbelu. Ya ɗaga kai, ɗigo yana sauka daga haɓarsa ɗaya bayan ɗaya. Nomau ya shekara bakwai bai ga irinsa ba. Ya ji kamar ya taɓa yin mafarkin wannan wuri, da wannan haske, ya manta, sai yanzu aka tuna masa.

Barmo ya raɗa masa, "Allahu Akbar. Kaurin gari guda. Harba!"

Nomau ya ɗaga bindiga ya auna. Taku sittin ne, ko fiye. Ya daɗe a haka. Sannan ya sauke.

"Na gada ne a ciki."

"To, gwankin ya sani ne? Harba, ɗan'uwa!"

"Daga nan ba zai wuce tsokar kafaɗa ba. Zai gudu da shi."

"Sai mu bi jini! Wataƙila ya faɗi kafin magariba."

"Wataƙila."

"To?"

"Wataƙila kuma ya yi wata guda. Na taɓa ganin wanda wani ya yi wa haka, Barmo. Yana tafiya da ƙafa uku, kafaɗar ta ruɓe, tsutsa tana zuba, carki yana bisa yana cin sa da ransa. Wanda ya harbe shi yana gida yana ba da labari."

"Kai, dabba ce fa! Matarka ce a kwance. Gobe tsohuwar nan za ta kwashe maka gida."

"Na sani."

Kada ku ɗauka ya naɗe hannu ya ce haka Allah ya so. Akwai wuri ɗaya, bayan kunne, inda ƙaramin harsashi yake isa idan an matso taku goma sha biyar. Ya tuɓe takalmi, ya kwanta rubda ciki, ya fara jan jiki a cikin laka. Ƙaya ta shiga gwiwarsa, ya ci gaba da jan ciki. Taku hamsin. Taku arba'in. Gwankin yana kiwo, yana kaɗa wutsiya, duniya ta yi masa daɗi. Taku talatin. A nan zuciyarsa ta ce masa, ai ya isa, talatin da goma sha biyar duk ɗaya ne a wurin mai bukata. Ya sa yatsa a kan kunamar bindiga. Ya cire.

Sai iska ta juya. Gwankin ya ɗaga kai, ya shaƙa, ya dubi inda Nomau yake kwance. Suka haɗa ido. Bai ko yi gudu ba. Ya juya ya shiga gamba a hankali, ciyawa ta rufe bayansa, balbelu ba su tashi ba.

Barmo ya zauna daɓas a ƙasa. "Wallahi da na san wa'azi za mu zo yi wa namun daji, da na taho da allona."

Na ga wasunku sun gyara zama. Kuna jira in ce a hanyar komawa ya yi tuntuɓe da tukunyar zinariya, ko gwankin ya rikiɗa ya zama ɗan sarkin aljannu ya biyo shi da kyauta. Ku yi haƙuri. Ya koma gida da laka har wuya da bindiga a ɗure. Iya Tasalla ta dubi bindigar, ta dubi murhu, ta ce wa murhun, "Huta abinka." Da gari ya waye ta ɗora Lantana a kan jaki, ta goya jaririn, suka tafi. Barmo kuwa kafin hantsi ya kai labari kowace majalisa, da ƙari.

A ranar, bayan sun tafi, Nomau ya sake fita shi kaɗai. Bai yi nisa ba gada ta fito daga gindin kalgo ta tsaya. Ya yi bisimilla ya harba, ta faɗi a inda take, ko taku ɗaya ba ta yi ba. Ya yanka, ya saɓa a kafaɗa, ya yi tafiyar rabin yini zuwa ƙauyen surukansa. Iya Tasalla ta karɓa, ta ɗaga ta da hannu ɗaya, ta ce wa ƙofar ɗaki, "Zomo ne ko ɓera?" Amma ta dafa.

Suna dai a can aka yi shi. Nomau ya zauna a bakin tabarma, aka miƙo masa goro kamar kowane baƙo, ya karɓa ya yi godiya. Wani ya tambaye shi ko gwankin ya aiko da gaisuwa. Aka yi dariya, shi ma ya yi murmushi.

Da jama'a suka watse aka ba shi izini ya leƙa mai jego. Lantana tana jingine da bango, jaririn yana barci a cinyarta.

"Malam, an ce ka ga gwanki ka ƙyale."

"Haka ne."

"Da ka harba, da mun samu?"

"Wataƙila."

"In ba mu samu ba fa?"

"Da yanzu yana can cikin gamba da dalma a kafaɗa. Ba ya mutuwa, ba ya warkewa."

Ta shafa kan yaron. Can ta ce, "Kwana biyu na yi a kan gwiwa, Malam. Na san yadda ciwo yake idan ya ƙi ƙarewa." Ta miƙa masa jaririn. "Riƙe shi, hannuna ya gaji. Ranar arba'in ka zo da wuri, kada ka sa mu jira."

Iyakar ladan da na san ya samu a duniya ke nan. Na lahira ba a nuna mini littafin ba.

Jama'a, addininmu ya umarce mu da kyautatawa ko a wajen yanka, wannan kowa ya haddace. Abin da ba mu haddace ba shi ne: kada ka fara wa mai rai abin da ka san ba ka da ƙarfin ƙarasawa. Babu maharbi ko ɗaya a cikinku, na duba, amma kowa a nan yana yawo da 'yar bindigarsa. Kai da ka shekara shida kana zuwa zance gidan mutane, ka kori duk masu nema, alhali ka san ko tabarma ba ka shirya saya ba. Kai mai kemis da kake ba mara lafiya rabin magani, ka ce ya gwada ya gani. Kai da ka ɗauko maraya daga ƙauye da alkawarin makaranta, yau shekara uku yana wanke maka mota. Dukanku kun san abin da ke cikin bindigarku tun safe. Kun harba ne a kan wataƙila, kun koma gida kun ci tuwo, wani yana can yana ɗingishi da abin da kuka bar masa a jiki.

Idan abin hannunka bai kai ba, ka matsa kusa, ka ja ciki a laka in ta kama. Idan har yanzu bai kai ba, ka sauke, ka koma gida a yi maka dariya. Dariyar mutane kwana nawa ce. Allah ya sa mu san awonmu, ya hana mu gwaji a jikin bayinsa. Ku tashi mu yi salla.