Manomin Da Ya Sauke Irinsa Don Kantin Ƙetare

Akwai wani a cikinmu yau da ya sayar da abin da ba na sayarwa ba, ya kuma zo sujada ya zauna a gaba kamar bai yi komai ba. Ba zan kira suna ba. Ku dai ji wannan misali.

Akwai wani mutum, manomi, wanda ba ya shuka a gona sai ya durƙusa ya damƙi ƙasarta, ya murza, ya shinshina. Yana da dawa kaura da ya gada daga ubansa. Kowace kaka yakan zaɓi zangarniya mafi kyau ya rataye a saman murhu, hayaƙi yana korar ƙwari. Ko yunwa ta yi tsanani ba a taɓa ta, gama iri ce.

Ana nan sai wani ɗan birni ya zo da takardu masu hoto. Ya ce akwai wani babban kanti mai sayar da kaya da araha, zai buɗe rassa a ƙasashen ƙetare masu tasowa, duk wanda ya sayi hannun jari yanzu zai ci riba yana kwance. Manomin ya sayar da hatsin rumbu, bai isa ba. Sai ya ɗaga kai ya dubi saman murhu.

Matarsa, mai sayar da daddawa a kasuwa, ta ce, "Maigida, mutanen can da buhu suke awo ko da gwangwani? Ana taya kaya a kantin? Ana gyara?"

Ya ce, "Ke, maganar ƙasashen duniya ake yi, ba ta faifan daddawa ba."

Ta ce, "To, ka murza ƙasar can ka ji?"

Ya sauke irin ya kai kasuwa, ya sayi hannun jarin, aka ba shi takarda.

Da ruwa ya sauka, maƙwabta suka fita shuka, shi kuwa yana riƙe da takarda. Ya je wurin matar da ta sayi dawar, ta ce, "Ai mun yi tuwo da ita tuni, ta kuwa yi daɗi." Ya sayi irin kasuwa ya shuka, ya yi kara dogo, ba zangarniya.

Da kaka labari ya iso. Ashe mutanen can talakawa ne irinmu, na yau suke saye su ci yau, wurin mai tebur da ya san sunansu. Kantin kuwa manyan ƙunshi ya jera, farashi a rubuce, ba mai gaishe ka. Sukan shiga su sha sanyi, su yi kallo, su fita hannu wofi. Aka rufe rassan. Manomin ya zauna gaban murhu yana duban igiyar da babu komai a jikinta. Kaurar ubansa ta ƙare a gidan har abada.

Ma'anar wannan misali ita ce: irin nan shi ne Maganar Allah da iyayenmu suka bar mana, tare da addu'ar gida da tarbiyyar 'ya'ya. Kantin shi ne alkawarin duniya, mai araha a baki, mai tsada a ƙarshe. Ban ce ciniki zunubi ba ne, kada wani ya fita ya yi mini sharri. Na dai yi yawo, na ga masu wayo da yawa sun dawo da takarda. Mutum zai juya akuya sau uku kafin ya saya, amma ransa ya miƙa wa abin da bai taɓa gani ba. Ka bar addu'ar safe don neman riba, ka bar yara su tashi ba su san aya ko ɗaya ba, ka ce in ka samu za ka koma. Damina ba za ta jira ka ba, ranar Ubangiji ma haka.

Wanda ya ce ƙarya nake yi, ya tashi tsaye yanzu ya gaya mana abin da ke rataye a saman murhunsa.