Kwalbar da Alhaji Arzika Ya Saya a Tasha

Alhaji Arzika mai sayar da albasa ne a Kasuwar Artisan da ke Enugu. Mutum ne mai kirki da kyauta, sai dai ba shi da haƙuri. Komai so yake a yi shi yanzu-yanzu.

Wata safiya ana sauke masa kaya ya yanke jiki ya faɗi. A asibiti aka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Da aka sallamo shi gida unguwar Abakpa Nike, matarsa Hajiya Sa'ida ta nemo Baba Abdulwahab, wani dattijo mai maganin gargajiya. Kullum yakan zo ya gasa masa hannu da ƙafa da ruwan ɗumi, ya murza su da man kaɗanya, ya tallabe shi su zagaya tsakar gida. Tun farko ya gargaɗe shi kada ya bar ƙwayoyin asibiti.

Sauƙi ya fara samuwa, har yana iya riƙe kofi. Amma auren 'yarsa Zuliha ya matso, Alhaji ya ƙagu.

"Baba, da ƙafata nake so in shiga masallaci ranar ɗaurin auren nan, ba a kinkime ba."

"Za ka shiga da sanda, Alhaji, in Allah ya yarda. Ka yi haƙuri da jikin."

Sandar ce bai so. Ran nan yana cikin keke napep zai koma ganin likita, ya ji wani mai lasifika a tasha yana tallan maganin shanyewar jiki, wai sha yanzu ka miƙe. Ya sayi kwalba ya ɓoye a aljihu. Mai tallan ya ce ba a haɗa shi da maganin bature, don haka Alhaji ya riƙa shan na kwalbar yana zubar da ƙwayoyinsa a bayi, ko Hajiya ba ta sani ba.

Ana saura kwanaki biki ciwon ya sake buge shi. Wannan karon har harshe ya tafi. Yana kwance a asibiti aka ɗaura auren. Da yamma Zuliha ta zo da lalle a hannu, ta durƙusa ta ce, "Abba, ka sa mini albarka." Ya motsa baki, magana ta ƙi fitowa. Sai hawaye.

Darasin shi ne, jinyar shanyewar jiki aikin haƙuri ce. Mai maganin gargajiya na ƙwarai ba ya raba mara lafiya da likitansa. Duk wanda ya yi maka alkawarin warkewa nan take, ka guje shi.