Gudummawar da Tasalla Ta Mayar

Tun da Allah Ya yi wa maigidana rasuwa, babu mai tara yara a ƙofar ɗaki ya ba su labari sai ni. Ba ni da bakinsa, amma wannan na riƙe shi yadda na ji.

A zamanin da, an yi wani Sarki da ya ga bashin biki yana cinye talakawansa. Mutum ya aurar da 'ya da kaka, kafin damina ya jinginar da gonarsa. Sai Sarki ya sa aka yi shela cewa daga ranar babu mai ba da rance don biki, babu mai karɓa. Waziri ya faɗi ya ce, "Allah Ya ba ka nasara, tun da an hana rance, sai mu manya mu riƙa tallafa wa talakawa da gudummawa." Sarki ya ji daɗi, ya sa masa albarka.

To, al'adar ƙasar ita ce, abin da aka kawo maka ran bikinka, ninkinsa za ka mayar ran bikin mai shi. Waziri kuwa Allah Ya azurta shi da 'ya'ya mata rututu, ba a yin kaka ba a kai ɗaya ɗakin miji ba. Duk mai gonar kirki da ya tashi aurar da 'ya, sai ya ga gudummawar Waziri ta shigo da guɗa. Ran da bikin gidan Waziri ya zo, a aiko masa da goron gayya, ya rasa ninki, kunya da tsoro su sa ya miƙa gona. Ba a kira abin bashi ba, saboda haka babu mai kai ƙara.

A bayan birni akwai wata mace wai ita Tasalla, mai yin daddawa. Mijinta Arzika ya rasu ya bar mata 'ya ɗaya, Hansai, da gona mai itatuwan ɗorawa, waɗanda daga kalwarsu suke ci suke sha. Da Nomau maƙeri ya fito neman Hansai, Tasalla ta ce wa iyayensa, "Na ba ku, amma ba za a sa rana ba sai na ce na shirya." Duk ranar kasuwa sai ta raba cinikinta uku: na tuwo, na sayen gishiri da itace, na ɗakin Hansai. Ta sayi 'yar akuya ta yi ta haihuwa. Ta shuka auduga a gefen gona, ita da Hansai suka kaɗa zare, masaƙi ya mayar musu da shi zannuwa. Tukunya yau, ƙwarya gobe, har ƙarƙashin gado ya cika.

Ana sa rana, sai ga jakadiyar Waziri da 'yan dako, ɗauke da tasoshin tagulla da turamen zane da ƙwarya shaƙe da wuri. Ta rangaɗa guɗa ta ce, "Uwar amarya, arziki ya yi sallama! Waziri na gaishe ki."

Tasalla ta ce, "Ina amsawa. Kada su sauke, wuyansu zai yi ciwo wajen sake ɗauka."

"Me kike nufi?"

"A mayar masa. A ce na gode."

Hansai ta ja gefen zanenta ta yi raɗa, "Inna, ko tasa ɗaya. Duk ƙawayena da tagulla aka kai su."

Tasalla ta ce, "Ina gonakin iyayensu yau? Ke dai yi shiru."

Jakadiya ta riƙe haɓa. "Ke mai warin daddawa, kyautar Waziri za ki mayar? Wa kika dogara da shi?"

"Wanda Ya halicci Waziri."

Kafin azahar dogarai sun kai Tasalla fada. Waziri ya ce, "Zaki, wannan mata ta wulaƙanta alherin da aka yi da izininka. In aka ƙyale ta, gobe kowa ma ya mayar." Ran Sarki ya ɓaci, ya ce, "Ke, in ba ki kawo hujja ba, gonarki ta zama ta fada, ke kuma ki bar mini ƙasa. Da me kike taƙama za ki yi bikin?"

Tasalla ta gyara zama. Ta ce, "Ranka ya daɗe, da awaki biyu, da damin gero shida, da zannuwa huɗu saƙin zarenmu, da tukwane da ƙore da tabarma. Wanda ya zo ya ci tuwo da miyar kuka. Wanda ya raina, gidansa da abinci."

Fadawa suka bushe da dariya. Wani ya ce, "Wannan ai suna ne, ba biki ba!"

Ta ce, "Ko me za a kira shi, in an watse zan kwana ba mai buga mini ƙofa." Ta juya wajen Sarki. "Allah Ya ja zamaninka, a ba ni izinin tambaya ɗaya. Ran da Waziri ya aurar da 'yarsa ta fari, me Sarki ya ba shi?"

Sarki ya ce, "Shanu ɗari da raƙuma goma."

"To ga shi gari ya ɗauka bayan salla za a kai 'yar Sarki ɗakinta. Shanu ɗari biyu Waziri zai koro, da raƙuma ashirin?"

Waziri ya yi wuf ya ce, "Haba! Wancan ai kyauta ce ta uban ƙasa, ba a ninka kyauta."

Tasalla ta ce, "Ashe? To Tanko mai rake fa, da Barau na bakin rafi, da duk waɗanda suka miƙa gona a zaurenka? Tasu ba kyauta ba ce? In kyauta ce, a mayar musu da gonakinsu. In kuwa ana ninkawa, ka fara da Sarki."

Sarki ya daɗe yana duban Waziri, Waziri yana duban ƙasa. Sannan Sarki ya tambayi Alƙali hukuncin abin. Alƙali ya ce, "Allah Ya taimake ka, abin da aka bayar don a mayar da ninkinsa, ko da guɗa aka kawo shi, bashi ne, kuma da riba."

Nan take Sarki ya sa aka kirawo duk wanda ya taɓa miƙa gona, aka mayar wa kowa da tasa. Ya tuɓe rawanin Waziri. Ya sa aka sake shela cewa gudummawa in an bayar, ta tafi ke nan, ba ninki, ba bi-ta-da-ƙulli.

Sannan ya dubi Tasalla ya ce, "Kin buɗe mini ido. Bikin 'yarki ya dawo wuyana."

Ta faɗi ta yi gaisuwa ta ce, "Na gode, ranka ya daɗe. Amma na ji an ce kai ma kana da 'ya'ya da yawa."

Sarki ya yi dariya har ya share hawaye. Ya ce, "To me za ki karɓa daga hannuna?"

"In gidan Sarki na miya, a aiko a sayi daddawata. Kuɗi hannu."

Ran biki aka yanka awaki biyu, aka tuƙa tuwo, kowa ya ci ya ƙoshi. Aka kai Hansai gidan Nomau da ƙorenta da tukwanenta, babu tagulla ko ɗaya. Washegari da sassafe Tasalla ta ɗauki kwandonta ta nufi gindin ɗorawa, gonar Arzika tana nan yadda ya bar ta.

Jama'a, ku taya ni da amin. Allah Ya ba mu ikon aurar da 'ya'yanmu da guminmu, Ya raba mu da alherin da ke da ƙugiya a ciki, Ya jiƙan waɗanda suka tafi suka bar mana riƙon marayu. Amin.